Nasiha ga Malamai da 'Yan Kasuwa Bisa Ƙwayoyin Ƙarin Ƙarfi na 'Yan Dambe da 'Yan Kokawa

Ga wata magana da ta kamata mu zauna mu warware ta tsakaninmu, gama ta shafi lafiyar samarinmu da aljihun iyayensu, ta kuma shafi mutuncin kasuwa. Maganar kuwa ita ce ta ƙwayoyin nan da a ke kira bitamin da ma'adinai, waɗanda 'yan dambe da 'yan kokawa su ke saye suna haɗiya da nufin ƙarin ƙarfi.

Dalilin kawo ta wannan shafi a fili ya ke. Yaron da ya shiga fage ɗan wani ne, almajirin wani ne, kwalbar da ya saya kuma daga rumfar wani ta fito. In ya rasa mai ba shi shawara a gida, malaminsa zai tambaya. In ya ji nauyin malam, sai ya tambayi mai kanti. Saboda haka ku ne ƙofar da maganar ta ke bi ta isa kunnen yaro, wajibi ne kuwa mai tsaron ƙofa ya san abin da ya ke shigarwa.

Dambe da kokawa ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin kakanni mahauta su ke ɗaure hannu da kaka, in an kawar da amfanin gona, su bi gari gari da kalangu, manoma kuwa su yi kokawa a dandali. A ƙasar Nijar an mai da kokawa gasar ƙasa tun 1975, sa'ad da aka fara yin ta a Tawa. A fagen duniya kuma Hogan Bassey ya zama zakara a 1957, Dick Tiger a 1962, Nojim Maiyegun ya kawo wa Nijeriya lambarta ta farko ta wasannin Olimfik daga Tokyo a 1964, Issaka Dabore ya kawo wa Nijar tata daga Munich a 1972, dukansu da dambe. Abdoulrazak Alfaga na Nijar kuma ya ci azurfa a takwando a Rio a 2016. Abin da ya sake a zamanin nan shi ne kuɗi sun shiga wasan, masu talla kuwa suka biyo kuɗin. Yaro ya duba wayarsa ya ga hoton wani ƙato riƙe da gwangwani, sai ya zaci ƙwanjin daga cikin gwangwanin ya fito. Dā boka a ke nema kafin a shiga fage, yanzu an ƙara da kemis.

To, ga ra'ayinmu a taƙaice. Ƙwayar bitamin ciko ce, watau abin toshe giɓi. Tana da amfani ga wanda aka auna aka tabbata yana da giɓin. Ga wanda ba shi da shi kuwa, in an yi sa'a hasarar kuɗi ce kawai, in ba a yi ba ta zama cuta. Tsarin da ya dace hawa uku ne: abinci da farko, awon likita na biyu, ƙwaya ta uku. Wanda ya fara daga hawa na uku ya hau itace ta ganye.

Mas'ala ta farko, mene ne bitamin, mene ne aikinsa? Ku sani ƙarfin da mutum ya ke aiki da shi daga hatsi da mai da sukari ya ke fitowa, tsoka kuwa da nama da wake da madara da ƙwai a ke gina ta. Bitamin ba ya ɗauke da ƙarfi ko kaɗan a karan kansa. Misalinsa kamar man da tela ya ke ɗigawa a keken ɗinki ne. In babu shi keke ya cije, in an ɗiga ya sake. Amma wanda ya juye kwalba guda a kan keke bai ƙara masa gudu ba, sai dai ya ɓata rigar mutane. Bitamin iri 13 ne, sunan kuwa wani masani mutumin ƙasar Poland, Casimir Funk, ya raɗa shi a 1912. Tun kafin haka, a 1747, wani likitan jirgin ruwa mai suna James Lind ya ba matuƙan da dasashinsu ya ke zub da jini lemo, suka warke. Ku lura, dukan sunan da bitamin ya yi, ya yi shi ne wajen warkar da waɗanda suka rasa shi. Haka kuma masanan da Hukumar Olimfik ta Duniya ta tara suka bayyana a 2018, cewa abinci ne tushe, ƙwayoyin bitamin da ma'adinai kuwa muhallinsu shi ne inda aka tabbatar da rashi.

Bitamin ya kasu kashi biyu. Akwai masu narkewa cikin ruwa, su ne dangin B da kuma C, waɗanda mafi yawan rararsu fitsari ya ke ɗebewa. Ruwan ɗorawar nan da mai shan B-complex ya ke gani cikin fitsarinsa har ya ce magani ya kama, rarar bitamin B2 ce ta ke fita, kuɗinsa ne su ke bin kwata. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Akwai kuma masu narkewa cikin mai, su ne A da D da E da K, waɗanda jiki ya ke tarawa cikin hanta da kitse. Waɗannan ba su fita da sauƙi, shi ya sa yawansu ya fi haɗari.

Mas'ala ta biyu, abinci. Ƙasarmu ba matalauciya ba ce ta wannan fuska. Hanta tana da sinadarin ƙarfe da bitamin A da B12. Gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi suna da ƙarfe da zinki da maganiziyam. Nono da kindirmo suna da kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi, kofi guda na madara yana da wajen miligiram 300, babban mutum kuwa 1,000 ya ke bukata a yini. Zogale da kuka da rama da alayyahu suna taimakawa ta wannan wajen. Manja da mangwaro da karas suna ba da abin da jiki ya ke mayarwa bitamin A. Goba da lemo da garin 'ya'yan kuka suna da bitamin C, namiji kuwa miligiram 90 ya ishe shi a yini, goba guda mai kyau ta biya wannan. Dabino da ayaba suna da fotasiyam. Har wa yau, dokar Nijeriya ta tilasta a sa aidin cikin gishiri tun 1993, a kuma sa bitamin A cikin sukari da man girki da fulawa tun 2002. Saurayin da ya ke samun tuwo da miyar ganye, da fura da nono, da wake, da ɗan nama ko kifi ko ƙwai, da 'ya'yan itace gwargwadon lokacinsu, ya riga ya sami mafi yawan abin da a ke sayar masa cikin kwalba. Akwai kuma hikima cikin yadda iyayenmu mata su ke jiƙa gero su bar shi ya yi tsami kafin a dama koko, gama tsimawa tana rage wani abu cikin hatsi mai hana hanji tsotse ƙarfe da zinki.

Mas'ala ta uku, abubuwan da lalle ya kamata a bincika ga mai wasan ƙarfi. Na ɗaya ƙarancin jini. Sinadarin ƙarfe shi ne ginshiƙin jan jini mai kai iska ga tsoka, in ya yi ƙaranci mutum ya kan yi haki tun turmin farko, ya ji jiri, cikin idonsa ya yi fari. Namiji yana bukatar miligiram 8 a yini, mace mai ganin al'ada 18, shi ya sa 'yan mata masu judo da takwando suka fi shiga wannan hali. Amma ku sani a ƙasarmu ƙarancin jini yana da iyaye da yawa: zazzaɓin cizon sauro, da tsutsar ciki, da tsargiya, da amosanin jini. Wanda tsargiya ta ke zubar masa da jini, ko ya shanye kantin magani bai toshe ɓarakar ba. Mai amosanin jini kuwa, musamman wanda aka sha yi wa ƙarin jini, ƙarfe ya kan yi masa yawa, ba shi maganin ƙarin jini ba da awo ba zalunci ne. Hanya ɗaya ce, a je asibiti a auna jini, a auna ajiyar ƙarfe ta jiki da likitoci su ke kira feritin, a nemi sanadi. In likita ya rubuta ƙwayar, a sha ta da lemo, a nisanta ta da shayi da madara, gama shayi yana hana ta shiga jiki.

Na biyu ƙashi. Masu talla su kan matsa da bitamin D, gaskiya ne kuwa 'yan wasan ƙasashen sanyi, masu horo cikin ɗaki inda rana ta ke ɓuya watanni, su kan rasa shi, domin fata ce ta ke yin sa in rana ta taɓa ta. Amma halin wanda ya ke horo a filin Kano ko Sakkwato ko Damagaram dabam ne. Wani bincike da aka yi a Jos aka buga a 1999 ya nuna yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe sun fi warkewa da kalsiyam bisa ga bitamin D shi kaɗai, watau abin da suka rasa yana cikin ƙwaryar nono, rana kuwa suna da ita. Darasin da ke ciki shi ne maganin da aka ɗinka wa mutumin Ingila ba lalle ya zauna wa mutumin Katsina ba. Wanda ya ke wuni cikin ɗaki, ko ya ke yawan tsagewar ƙashi, shi ya kamata a auna masa bitamin D.

Na uku ruwa da gishiri, waɗanda sun fi kome araha, sun kuma fi kome muhimmanci a ƙasar zafi. Lita guda ta gumi tana fita da wajen giram guda na sodiyam, ko da ya ke mutane sun bambanta. In mutum ya rasa kashi 2 cikin 100 na nauyinsa ta gumi, ƙarfinsa da hankalinsa su kan fara raguwa. Sai ya hau sikeli kafin horo da bayansa, kowane kilo da ya ragu ya mayar da lita guda da kwata zuwa lita guda da rabi, a hankali, tare da abinci mai gishiri. In gumin ya yi yawa ga ruwan gishiri da sukari irin na asibiti, ko a haɗa a gida: lita guda ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada wanda ya raina wannan don ba shi da hoton ƙato a jikinsa.

Mas'ala ta huɗu, kowane abu da haddinsa. Masana sun ƙayyade iyakar da babban mutum ba zai wuce ba a yini. Ƙarfe miligiram 45, alhali ƙwaya guda ta maganin ƙarin jini da aka saba sayarwa tana da wajen 65, shi ya sa ta zama ta mara lafiya bisa umurnin likita. Jiki ba shi da ƙofar fid da rarar ƙarfe, sai ya tara ta cikin hanta da zuciya. Ƙwayoyin nan kuma in ƙaramin yaro ya same su ya haɗiye da yawa suna iya kashe shi, sai a ajiye su nesa da hannun yara. Zinki iyakarsa miligiram 40, wanda ya daɗe yana wuce haka sai ya hana jiki samun tagulla, jini ya ragu, jijiya ta raunana. Maganiziyam na ƙwaya in ya wuce 350 ya kan kawo zawo. Bitamin C iyakarsa 2,000, yawansa yana kawo zawo, yana kuma ƙara haɗarin tsakuwar ƙoda ga maza. Bitamin B6 in an daɗe ana shan mai yawa ya kan sa tafin hannu da na ƙafa su mutu, su riƙa tsira kamar ana soka allura, har hukumar abinci ta Turai ta sauko da iyakarsa zuwa miligiram 12 a 2023. Ku duba, ɗan damben da hannunsa ya mutu, da me zai yi kisa?

Bitamin D iyakarsa 4,000 ne da ma'aunin da a ke rubutawa IU, bitamin A kuwa 10,000. Jan kafson nan da ma'aikatan lafiya su ke ɗiga wa yara ƙanana a baki bayan watanni yana ɗauke da 200,000, watau iyakar babban mutum ta kwana 20 a dunƙule. Wanda ya samo shi ya riƙa sha kullum yana neman ciwon kai da ciwon hanta da kuɗinsa, mace mai ciki kuwa yana iya nakasa abin da ke cikinta. Wani abin mamaki kuma, bincike a Jamus a 2009 da wani a Norway a 2014 sun nuna shan bitamin C miligiram 1,000 tare da bitamin E mai yawa kowace rana yana dushe waɗansu sauye-sauyen alheri da horo ya ke jawowa cikin tsoka. Ashe mutum yana iya biyan kuɗi ya rage ladan wahalarsa.

Mas'ala ta biyar, abin da ke ɓoye cikin kwalba. Mutane su kan zaci duk abin da ya fito daga Amurka an tace shi. Ku sani dokarsu ta 1994 ba ta tilasta wa mai yin irin waɗannan kaya ya nemi yardar hukuma kafin ya kai su kasuwa ba, yadda a ke yi wa magani. Wani ɗakin bincike a birnin Kolon na Jamus ya sayi irin kayan nan 634 daga ƙasashe 13 a tsakanin 2000 da 2001, ya tarar 94 daga ciki, wajen kashi 15 cikin 100, suna ɗauke da sinadaran kumbura tsoka waɗanda ba a rubuta a jikin kwalba ba. Hukumar duniya mai yaƙi da magungunan maguɗi a wasanni, watau WADA, wadda aka kafa a 1999, ƙa'idarta ita ce ɗan wasa shi ke da alhakin duk abin da aka samu cikin jikinsa, ya sani ko bai sani ba. Yoel Romero, ɗan kokawar Kuba da ya ci azurfa a Sidni a 2000, an dakatar da shi wata 6 a 2016, duk da an tabbatar kayan ƙarin abincin da ya sha ne suka gurɓata. Irin wannan hukunci ba ya tsaya ga mutanen nesa: a 2024 an dakatar da 'yar damben Nijeriya Cynthia Ogunsemilore a Paris kafin ta shiga fage, saboda an sami maganin sa fitsari mai suna furosemide cikin awonta.

A nan gida kuma akwai abin da ya fi wannan muni, shi ne ƙwayoyin da a ke ƙullawa cikin leda babu suna, a ce na ƙarfi ne. Cikin irin wannan ƙulli a kan cusa abin da jama'a su ke kira sha-ka-fashe, mai kumbura fuska da ciki da ruwa da kitse, yana kuwa cinye tsoka da ƙashi, yana tsokano ciwon sukari da hawan jini. A kan cusa tiramadol, mai dushe zafin duka har mutum ya kasa sanin ya ji rauni, ga kama jiki, ga jawo farfaɗiya, WADA kuma ta haramta shi lokacin gasa tun 1 ga Janairu, 2024. Haka allurar bitamin da a ke yi a bayan kanti: wanda cikinsa ya ke narka abinci lafiya ba ya bukatarta, allurar da ba ta da tsabta kuwa tana kawo ƙurji da ciwon hanta da ƙanjamau. Ko ƙarin ruwa ta jijiya da ya wuce mililita 100 cikin awa 12, WADA ta hana shi sai bisa jinyar asibiti.

Mas'ala ta shida, rage nauyi. Damben zamani da kokawar zamani da judo da takwando duk aji aji ne bisa sikeli, ba a kuwa ɗaga ƙafa. A Paris a 2024 an fid da Vinesh Phogat ta Indiya daga wasan ƙarshe na kokawa saboda giram 100 da ta ɗara. Tsoron sikeli ya kan sa samari su bar ci da sha, su shiga rigar leda, su sha maganin zawo da na fitsari, sa'an nan su ce bitamin zai mayar da abin da ya tafi. Ba ya mayarwa. A Amurka 'yan kokawa uku ɗaliban jami'a suka mutu a ƙarshen 1997 suna cikin wannan aiki, a Manila kuma Yang Jian Bing ɗan ƙasar Sin ya mutu a Disamba 2015 yana da shekara 21. Wajen mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da rabin gadon amosanin jini, watau AS, ƙishirwa mai tsanani da horo mai tsanani cikin zafi kuwa sun fi yi wa irinsu haɗari. Mai son sauka aji ya fara tun da makonni, wajen rabin kilo a mako, yana ci yana sha. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mas'ala ta bakwai, in an auna an ga bukata, yaya za a zaɓa? A sayi abin da aka rasa shi kaɗai, a bar kwalbar da ta tara abu talatin. A duba lambar hukumar NAFDAC, a kuma sani lambar shaidar rajista ce, ba ta zama shaidar cewa duk abin da aka yi alkawari a jikin kwali gaskiya ne ba. A duba ranar lalacewa da lambar rukuni da hatimin murfi. A duba adadin kowane sinadari, wanda ya yi kusa da bukatar yini ya fi wanda ya ninka ta goma. A guji wanda ya ɓoye adadi ya ce haɗin sirri ne, da wanda ya yi alkawarin ƙwanji cikin mako biyu, da mai cewa yana ƙona kitse ko yana ƙara mazakuta, gama a irinsu aka fi samun gurɓata. Mai zuwa gasar da a ke awon fitsari ya nemi mai tambarin masu bincike na waje, kamar Informed Sport ko NSF Certified for Sport, ya ajiye kwalin da rasidin. A sha na tsawon lokacin da likita ya yanka, a koma a sake awo, in giɓi ya cike a daina.

Mai yiwuwa wani ya ce, ai manyan zakarun duniya suna sha. Sai mu ce masa, su suna da likita mai auna jininsu, da mai tsara musu abinci, waɗansunsu kuma biyansu a ke yi su riƙe gwangwanin a hoto. Wani ya ce, awon jini da tsada. Sai mu ce ya lissafa kuɗin kwalaben da ya ke saye wata bayan wata har shekara, ya gwada da kuɗin awo sau ɗaya ko sau biyu, ya ga wanne ya fi cin aljihu. Wani kuma ya ce, na sha na ji ƙarfi. Sai mu ce, wanda ya ke da rashi lalle zai ji sauƙi, wannan hujjarmu ce. Wanda ba shi da rashi kuwa, ko dai zuciyarsa ce ta ƙarfafa, ko kuwa an sa kafin cikin abin, watau sinadarin da ke cikin goro da gahawa, wanda ya ke samu da araha a faifan mai goro. Gaskiya ne akwai 'yan abubuwa kaɗan da bincike ya tabbatar suna taimaka wa ɗan wasa, kamar kafin ɗin nan da wani gari mai suna kiriyatin, amma su ba bitamin ba ne, ba kuma na yara ba ne, shawararsu sai masani. Abu guda kuma a riƙe shi da kyau: babu ƙwayar da ta ke kare ƙwaƙwalwa daga dukan kai. Wanda aka buga ya suma, ko ya tashi yana jiri da amai da mantuwa, maganinsa asibiti da hutu, kada a mai da shi fage don ya sha wani abu.

Yanzu gare ku, 'yan kasuwa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ba mu ce ku bar ciniki ba, mun ce ku tsabtace shi. Yawancin kwalaben nan an rubuta a ajiye su inda zafi bai wuce digiri 25 ko 30 ba, bazararmu kuwa tana wuce 40, wanda ya jera su a tire cikin rana yana sayar da kwalbar da albarkarta ta ragu. Kada ku ɓare ƙwaya daga kwalinta ku ƙulla a leda. Kada ku sayar wa yaro maganin ƙarin jini ko bitamin A ko D mai nauyi ba da takardar likita ba. In saurayi ya zo da kuɗinsa yana neman na ƙarfi, ku tambaye shi abin da ya ci yau, in ya ce gari ya jiƙa, ku nuna masa rumfar mai wake da mai nono. Ribar yini guda za ta kuɓuce, amma amana jari ce, mai ita ba ya rasa mai saye.

Gare ku kuma, malamai. Akwai wuri biyu da maganar ta shigo hannunku kai tsaye. Na ɗaya, ɓawon kafso mai santsi yawanci da wani abu a ke yin sa mai suna jelatin, wanda a ke dafowa daga fata da ƙashin dabba, ta yiwu saniya, ta yiwu alade, waɗansu magungunan ruwa kuma akwai giya kaɗan cikinsu. Hukunci naku ne, mu dai mun kawo labarin abin, akwai kuma kafso na tsiro da masu shaidar halal ga mai nema. Na biyu, watan azumi. Ku hori samari su sassauta horo da rana, su mai da mai nauyi bayan buɗa baki, su yawaita ruwa tsakanin magariba da sahur, kada su haɗa azumi da rage nauyi na gaggawa. Maganarku tana da nauyin da ta likita ba ta da shi a kunnen yaro, ku yi amfani da ita.

Daga ƙarshe muna kira ga sarakunan dambe da na kokawa da masu gidajen wasa. Ku da ku ke karɓar kuɗin ƙofa, ku ware wani abu a auna jinin yaranku sau biyu a shekara, a san mai AS, a san mai ƙarancin jini, a ajiye ruwan sha da ma'aikacin lafiya a bakin fage. Kuɗin da ubangida ya ke kashewa ya saya wa yaronsa gwangwani, in ya mai da su ga nono da ƙwai da hanta da gidan sauro, zai ga bambanci a turmi na uku. Ƙarfi daga horo da abinci da barci ya ke, ƙwaya kuwa ciko ce ga wanda awo ya nuna giɓinsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa albarka cikin kasuwa da karatu.